Adaftar sifiroket ta juya a kan hob ɗin baya, a ina na yi kuskure?

Nura: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Kekena mai wili inci 26 ne, sifok 36, birkin feda a baya. Na ɗora masa ƙaramin injin nan da ake haɗa wa fetur da baƙin mai, wanda ake rubuta wa girman 80cc a jikin kwali alhali ainihinsa 66cc ne. Da farko da robobin da suka zo tare da injin na ɗaura sifiroket, wato faifai mai haƙora da sarƙar inji ke ja a wilin baya, irin ɗaurin da ake matse sifok tsakanin roba biyu da noti tara. Cikin wata biyu sifok huɗu suka tsinke, duk a ɓangaren hagu, wilin ya karkace. Na sa aka sake saƙa shi, sannan na sayi adafta ta alminiyam mai ɓari biyu, wadda take rungumar jikin hob ɗin, wato cibiyar wilin, maimakon sifok. An rubuta mata inci 1.5. Na ɗaure notocinta har ƙarshe, har alanki ya daina motsi. Kwana uku ina hawa lafiya. Jiya na taka feda na saki kuloci zan tayar da inji sai na ji ƙas! Da na duba, adaftar ta juya, ƙafafunta uku da ke riƙe sifiroket sun je sun daki sifok, sifok biyu sun lanƙwashe. Me na yi ba daidai ba?

Malam Garba: Wa alaikumus salam. Sannu Nura, Allah ya kiyaye gaba. Kafin kowa ya ce komai, je ka duba min abu ɗaya. Inda ɓari biyun suka haɗu, akwai 'yar tazara a tsakaninsu ko sun manne da juna?

Nura: Sun manne sosai Malam, ko takarda ba za ta shiga ba. Ni na ɗauka haka ake so.

Malam Garba: To ga ciwon nan. Idan fuskokin biyu suka haɗu, duk ƙarfin da ka sa a noti a kansu ya ƙare, ɓari yana matse ɓari, hob kuwa yana zaune a tsakiya ba a kama shi ba. Ɗaurin da yake daidai shi ne ka gama ɗaurewa ka ga saura 'yar tazara a kowane gefe, kuma tazarar ta zama iri ɗaya dama da hagu. Wannan tazarar ita ce shaidar cewa hob ɗin ake matsewa. Hob ɗinka bai kai inci 1.5 ba, ko kuma ramin adaftar ya fi abin da aka rubuta. Ka auna kafin ka saya?

Nura: Ban auna ba gaskiya. An ce min yawancin masu birkin feda 1.5 ne.

Injiniya Bala: Ba a yi maka ƙarya ba, yawancinsu a nan kusa suke, amma “kusa” ba ta isa a wannan aikin. Inci 1.5 milimita 38.1 ne. Rabin milimita kaɗai ya ishi adafta ta ƙi kamawa. Idan kana da kalifa, wato ma'aunin kaurin ƙarfe, auna hob ɗin a wuri uku: kusa da bakin hagu, tsakiya, da kusa da bakin dama. Wasu hob ɗin ba su da kauri ɗaya, suna da tudu a tsakiya ko su zo a tsuke a gefe guda, irin waɗannan adafta mai madaidaicin rami ba ta taɓa zama a kansu daidai. Idan ba ka da kalifa, yanko siririyar takarda, ka naɗe ta a jikin hob sau ɗaya, ka ja ta ta kwanta, ka yi alama inda ta haɗu, ka miƙe ta a kan rula. Abin da ka samu ka raba da 3.14. Hob mai inci 1.5 zai ba ka kusan milimita 120. Mai inci 1 zai ba ka kusan 80.

Auwalu: Ni dai ban ga abin da ya raba ka da robar ba. Shekarata ta uku ke nan a kanta, sifok ɗaya ban taɓa tsinkawa ba. Mutane ba sa haƙurin ɗaura ta ne. Noti tara ne, sai ka bi su kaɗan kaɗan, wannan sannan na daura da shi, kana juya wili kana kallon sifiroket, inda ya kauce ka sassauta ka gyara. Yini guda na ɓata a kan tawa. Adafta kuma ga abin da take yi in ta zame, a take take cin sifok.

Injiniya Bala: Malam Auwalu, ban musa maka ba cewa roba tana aiki in an yi mata haƙuri, kuma na san ba kai kaɗai ne ka daɗe a kanta ba. Amma mu faɗa wa Nura dalilin da ya sa nasa suka tsinke. Sifok an yi shi ne don ja, daga hob zuwa rim, kamar igiyar da aka ɗame. Ɗaurin roba yana kama shi a ciki, kusa da gwiwarsa, yana tura shi gefe duk lokacin da inji ya buga. Waya kuma in ana lanƙwasa ta gaba da baya, ko da kaɗan ne, wata rana sai ta karye. Ga shi kuma sifok na hagu kaɗai ke ɗaukar nauyin, shi ya sa duk huɗun a hagu suka tsinke. Adafta tana kai ƙarfin cikin hob, hob ya raba wa sifok na ɓangarori biyu ta hanyar da aka saƙa su don su ɗauka. Ina tsammanin naka sifok ɗin masu kauri ne.

Auwalu: Masu lamba 12 ne, na canza tun farko.

Injiniya Bala: To ka gani. Lamba 12 milimita 2.6 ne, lamba 14 da ke zuwa a yawancin kekuna milimita 2 ne. Bambancin a ido kaɗan ne, amma in ka lissafa faɗin ƙarfen, mai kaurin ya fi da kusan kashi 70 cikin ɗari.

Nura: Na auna da takarda sau uku. Milimita 118 nake samu, kuma duk wuraren uku ɗaya ne.

Injiniya Bala: Madalla, aƙalla hob ɗin miƙaƙƙe ne. 118 a raba da 3.14 ya ba da kusan 37.6. Ke nan rabin milimita ya rage maka, kamar yadda Malam Garba ya hango.

Sadiku: Abu mai sauƙi. Ɗauki zarto ka rage fuskokin da suke haɗuwa, ka ci kamar milimita ɗaya a kowanne, tazara za ta fito, ka ɗaure. Ko kuma ka kai wa mai walda ya ɗiga mata a wuri uku a huta.

Malam Garba: Sadiku, walda kam a'a. Adaftar alminiyam ce, hob ɗin ƙarfe ne, waldar da muka sani ba ta haɗa su. Ko da za ta haɗa, cikin hob ɗin nan akwai boris, akwai giris, akwai takalman birki. Wuta za ta ƙone giris, ta murɗe jikin hob. Ka gyara abu ɗaya ka kashe uku.

Sadiku: Na janye walda, Malam. Zarton fa?

Injiniya Bala: Zarto yana da wurinsa, amma shi kaɗai ba zai warkar da wannan ba. Ka ɗauki ƙaramin kofi ka sa cikin babba ka jingina shi da bango: a layi ɗaya kawai za su taɓa juna. Haka ramin da ya fi hob faɗi yake. Ko ka rage fuskokin, kowane ɓari a tsakiyar bayansa kaɗai zai taɓa hob, gefe da gefe iska ce. Zai kama, amma kamun layi biyu ne, ba runguma ba. Kuma abin da ake nema a riƙe ba ƙarami ba ne. Bari in yi lissafi a sauƙaƙe. A cikin injin nan akwai giya biyu, mai haƙori 20 da mai 82, wato ragi na 4.1. Ƙaramin sifiroket na inji haƙori 10 ne, na baya 44, ragi na 4.4. In ka haɗa su, inji yana juyawa sau 18 kafin wili ya juya sau ɗaya, ƙarfin murɗawa kuma ya ninka sau 18. Mu ɗauka inji yana ba da Nm 3 kawai, Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗawa. A wili ya zama 54. Daga tsakiyar hob zuwa fatarsa milimita 19 ne. Ka raba, za ka ga ƙarfin da ke neman zame adaftar ya kai kwatankwacin nauyin kilo 290. Wannan a tafiya lami lafiya ke nan, ba a lissafa fizgar da ake yi lokacin sakin kuloci ba. Kuma babu haƙori, babu kusa da ke riƙe ta, matsi ne kawai da gogayyar ƙarfe da ƙarfe.

Nura: Kilo 290! Wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. To me zan cike gibin da shi?

Malam Garba: Shim za ka sa, wato siririn ƙarfe da za ka naɗe hob da shi. Lura da lissafin: rabin milimita ne a faɗin duka, to kaurin abin da za ka naɗa rabin wannan ne, 0.25, tunda yana zagaye ta kowane gefe. In ka samu na 0.3 ya fi, shi zai bar maka tazarar da muke magana. Ka yanka shi gida biyu, kowane ɓari da nasa, kada bakinsa ya shiga tsakanin fuskokin ya hana su matsowa.

Sadiku: Gwangwanin lemo fa? Ni da shi na yi.

Malam Garba: Yana yi in gibin kaɗan ne. Kaurinsa wajen 0.1 ne, ke nan Nura sai ya jera uku. Kowane falle da ka ƙara, ka ƙara wurin da zai iya zamewa, ga fenti a waje ga wani shafi mai santsi a ciki. In dole sai shi, a goge duka fuska biyun da samfefa har farin ƙarfe ya fito. Amma falle ɗaya mai kaurin da ake so ya fi falle uku. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne tsohon tiyub ko salatif. Na sha ganin an naɗa su. Ranar farko kamar an yi walda, da zafi ya taɓa su sai su saki, su koma kamar an shafa mai.

Ibrahim: Ku bar ni in faɗi abin da ya same ni, don Nura ya san ba maganar sifok biyu kaɗai ba ce. Tawa ta zame ina cikin gudu a gangare. Ni ma na ɗaure har ƙarshe, ni ma ban auna ba. Da ta juya ta tsinke sifok biyar a jere, wili ya karkace ya daki firam, taya ta tsaya cak. Allah ya taimake ni babu mota a bayana, kuma da hular kwano a kaina. Na yi makonni ban iya ɗaga hannun dama ba. Abin da ya fi damuna daga baya shi ne ta yi ta ba ni alama ban gane ba. Kwana biyu kafin nan ina jin wani ɗan ƙas ƙas in na ƙara wuta, na ɗauka sarƙa ce. Tun daga lokacin, duk adaftar da na ɗaura sai na ja layi da fenti daga jikinta zuwa jikin hob. Kafin in hau sai na kalli layin. In ya rabu ko da kaurin farce ne, ba na hawa.

Nura: Subhanallah. Allah ya ƙara lafiya, Yaya Ibrahim. Wannan dabarar fentin zan yi ta.

Auwalu: Allah ya kiyaye. Wannan shi ne abin da nake faɗa ai. Roba in za ta ba da matsala a hankali take bayarwa, sifok ɗaya yau, ɗaya wani makon.

Ibrahim: Gaskiyarka a nan, Malam Auwalu. Amma bayan na warke adaftar na sake sakawa, wadda ta dace da hob ɗin, kuma layin fentin bai taɓa motsawa ba. Laifin rashin awo ne. Ga kuma abin da roba ba ta taɓa ba ni ba: sarƙata ta daina yin tauri a wuri ɗaya da sako-sako a wani wurin, domin sifiroket ɗin yana zaune a tsakiya sosai.

Sadiku: Wata dabara da na gani, mutum ya juya adaftar tun wajen ɗauri har ƙafafunta su jingina da sifok ta ɓangaren da inji ke ja. Ya ce ko ta so zamewa ba ta da wurin zuwa.

Injiniya Bala: Wannan komawa gidan jiya ne, an mayar da nauyin kan sifok, kuma a kan uku kacal maimakon goma sha takwas da roba ke kamawa. Sannan akwai abin da mai dabarar ya manta. Injin nan da feda ake tayar da shi. Lokacin da ka saki kuloci, wili ne ke jan inji, ƙarfin ya juya baya. Da inji ya kama, sai ya koma gaba. Haka in ka sauke wuta a gangare. Ke nan adaftar ana murɗa ta gaba ana murɗa ta baya, jingina ta gefe ɗaya ba ta tsare komai. Ku lura ta Nura ma wajen tayarwa ta zame. Ƙafafun su zauna a tsakiyar gibin sifok, kada su taɓa ko ɗaya.

Hajara: Sallama gare ku. Ina bin zancen tun farko. Ga mai shirin sayen wili sabo, akwai hanyar da ta kauce wa duk wannan. Nawa hob ɗin na birkin faifai ne, mai ramin noti shida, waɗanda aka jera a da'ira mai faɗin milimita 44, notocin M5, wato masu kaurin milimita 5. Akwai sifiroket da adaftar da ake ɗaurawa kai tsaye a ramukan nan. Babu matsi, babu zamewa, noti ne ke riƙe da shi. Illarsa ita ce wurin faifan ka ba wa sifiroket, sai ka nemi birkin baya ta wata hanya, ko na rim, ko irin adaftar da ke ɗaukar faifai da sifiroket tare in firam ɗinka yana da fili. Kada wanda ya cire birkin baya ya ce na gaba ya ishe shi a keke mai inji.

Malam Garba: Hajiya ta kawo magana mai kyau, kuma ta tuna min. Nura, birkin gaba kana da shi?

Nura: Babu, Malam. Na feda kaɗai ne.

Malam Garba: To ka sa kafin ka sake hawa. Birkin feda da sarƙar feda yake aiki. Ranar da sarƙar dama ta faɗi, ba ka da birki ko kaɗan, ga inji yana tura ka. Kuma an yi shi ne don gudun ƙafa, in aka daɗe ana taka shi a gangare zafi yake yi sosai. Wannan ma ya shafi adaftarka ta wata fuska. Takalman birkin a cikin jikin hob ɗin suke buɗewa, daidai ƙarƙashin inda za ka matse. In ka sa shim ka ɗaure da hauka, kana iya matse hob ɗin ya daina zama da'ira, birki ya riƙa kamawa da kansa. Saboda haka bayan kowane zagaye na ɗauri, ɗaga wili ka juya shi da hannu, ka taka birki ka saki. In ka ji ya fara nauyi, ka wuce gona da iri.

Nura: To yaya zan san na ɗaure daidai, tunda har ƙarshe ba shi ne ba?

Malam Garba: Bari in bi da kai daga farko yadda nake yi. Ka cire wili. Ka kwance notin da ke riƙe hannun birki a hagu, ka zare hannun, domin sifiroket ba zai shiga ba sai an cire shi. Yi a hankali, notin nan shi ke tsare kon, wato ƙarfen da boris ke birgima a kansa, in kon ya juya boris zai yi sako-sako ko ya matse, sai ka sake saita shi. Ka wanke jikin hob da fetur ko sifirit har tsumma ya fito fari, domin giris yana tsatsowa daga bakin hob ya kwanta a wurin ba ka sani ba. In hob ɗin mai sheƙi ne ko mai fenti, bi shi da samfefa ya yi kaushi, haka cikin adaftar, haka shim ɗin. Sake wankewa, kada ka taɓa da hannu mai maiƙo. Ka zura ɓarin ta tsakanin sifok, ka kama notocin da yatsa kawai yadda adaftar za ta iya matsawa dama da hagu. Ɗaura sifiroket a ƙafafun, mayar da wili kan firam, ka saita layin sarƙa. Sai layi ya fita sannan za ka fara ɗaurewa, rabin juyi a nan, rabin juyi a can, kana kallon tazarar gefe biyu tana tafiya tare. Notin ƙarfe ne a cikin tiredin alminiyam, wato haƙoran ramin da noti ke shiga, in ka sa wa alanki bututu don ƙarin ƙarfi, tiredin zai cinye, adaftar ta tashi aiki.

Injiniya Bala: In notocin M6 ne, masu alanki mai lamba 5, kada a wuce wajen Nm 10. In takardar da ta zo da adaftar ta faɗi adadi, ita za a bi. A ɗiga wa tiredi ruwan kulle noti, shuɗin, kamar Loctite 243, saboda injin nan mai silinda ɗaya ne, girgizarsa tana kwance komai. Ja kada a sa, shi sai da wuta yake kwancewa. Akwai kuma koren da aka yi don riƙe abu mai da'ira a cikin rami, kamar 638, ana iya shafa shi tsakanin hob da shim da adafta. Taimako yake yi wa ɗauri mai kyau, ba ya maye gurbin awo. In an shafa, a bar keken ya kwana ya yini kafin a tayar.

Nura: Layin sarƙar fa, da ido ake dubawa?

Malam Garba: Ido yana ruɗi. Samo doguwar rula ta ƙarfe ko wani miƙaƙƙen ƙarfe, ka kwantar da shi a fuskar babban sifiroket, ka ga ina ya nufa. Ya kamata ya je ya kwanta a fuskar ƙaramin na inji. In ya wuce ta waje, tura adaftar ciki, in ta ciki ya bi, jawo ta waje. Wannan shi ne babban daɗin adafta, tana ba ka wannan 'yancin. Amma ka tabbata wilin kansa a miƙe yake cikin firam kafin ka auna, in ba haka ba karkataccen abu kake saitawa. Ka duba kuma sarƙa ba ta gogar taya, ba ta gogar firam. Sarƙar 415 da ke zuwa da injin ta fi ta keke faɗi, in tayarka mai ƙiba ce za su yi kusa. Sakin da za ka bar mata kamar santimita ɗaya zuwa biyu in ka danna a tsakiya, kuma ka juya wili ka nemo inda ta fi tauri, a nan za ka auna. Kilif ɗin mahaɗin sarƙa, rufaffen bakinsa ya kalli inda sarƙa ke tafiya.

Ibrahim: A ƙara da ɗan tayan nan mai ɗame sarƙa da ake maƙalawa a firam. Shi ma matsi ne kawai ke riƙe shi, kuma in layin sarƙa bai fita ba, sarƙar tana tura shi gefe har ya juya ya faɗa cikin sifok. Kada a yi amfani da shi wajen tilasta wa karkatacciyar sarƙa ta miƙe. A fara gyara layi, shi aikinsa ɗauke saki kawai. Shi ma ina ja masa layin fenti.

Sadiku: Tunda za ka kwance komai, Nura, sa mai haƙori 36 ka ji gudu.

Injiniya Bala: Ga lissafin don ya zaɓa da saninsa. Wili inci 26 yana cin kusan mita 2.07 a juyi ɗaya. In inji yana juyi 6,000 a minti, mai haƙori 44 zai ba da wajen kilomita 41 a awa, mai 36 wajen 50, mai 48 wajen 38. Abin da ka samu a gudu ka rasa shi a hawan tudu da tashi daga tsaye, kuloci kuma zai fi shan wahala. Ga mai birkin feda kaɗai, ni ba zan ba shi shawarar 36 ba.

Nura: Zan zauna a 44 ɗina. Akwai tudu a hanyata, kuma nakan ɗauko kaya.

Hajara: Tambaya don masu karatu daga baya: mai sifok 32 fa, wannan adaftar mai ƙafa uku za ta shiga?

Malam Garba: Da wuya ta zauna daidai, Hajiya. Mai 36 yana da 18 a kowane gefe, uku tana raba 18, shi ya sa kowace ƙafa take samun gibi iri ɗaya. Mai 32 yana da 16, uku ba ta raba shi. Ƙafa ɗaya za ta samu fili, wata ta matsu da sifok. Haka ma noti tara na roba, don mai 36 aka tsara su. A ƙirga sifok kafin a saya, kamar yadda za a auna hob.

Nura: Salamu alaikum, na dawo da rahoto. Na samu shim na 0.3, na yanka biyu. Na canza sifok biyun da suka lanƙwashe, an sake saita wilin. Na wanke, na goge, na bi yadda Malam Garba ya tsara. Yanzu akwai tazara kamar milimita ɗaya a kowane gefe, wili yana juyawa sakayau, birki yana kamawa yana saki. Da na sa rula na ga ashe a ɗaurin farko sifiroket ɗin ya fita waje da kusan milimita huɗu, na tura shi ciki. Na sa birkin gaba. Na ja layin fenti biyu. Matsala ɗaya ta rage: da na mayar da hannun birki, yana taɓa kan notocin sifiroket in wili ya juya. Kaɗan ne, amma ina jin ƙarar.

Malam Garba: Alhamdu lillahi, aiki ya yi kyau. Wannan na hannun birki kusan kowa yana haɗuwa da shi. Kada ka bar shi haka, kuma kada ka hau ba tare da an ɗaure ƙarshensa a firam ba, domin shi ke hana cikin hob juyawa in ka taka birki. Cire shi, ka kama shi a bais, wato abin matse ƙarfe na kan teburin makanikai, ka lanƙwasa shi sau biyu: sau ɗaya waje, daf da inda ya bar hob, sau ɗaya ya dawo ciki, yadda zai tsallake kan notocin ya koma ya kwanta a jikin firam. Kaɗan kaɗan, kana gwadawa. Kada lanƙwasar ta taɓa ramin da yake shiga kon, wurin nan dole ya zauna a shimfiɗe. In notocin masu tudun kai ne, canza su da masu shafaffen kai, wani lokacin wannan kaɗai ya isa. Duba murfin ƙurar da ke bayan hannun ma, ko yana gogar ramin sifiroket.

Auwalu: To Nura, Allah ya sa alheri. Ni ina nan a kan robata, amma in na sake saƙa wili zan gwada takardar nan in ga nawa hob ɗin nawa ne.

Nura: Na canza notocin da masu shafaffen kai, na ɗan lanƙwasa hannun, yanzu akwai fili kamar milimita uku, ƙarar ta ɗauke. Na bar shi ya kwana saboda ruwan kulle notin. Yau na yi tafiyar kusan kilomita goma, na tayar da inji sau shida da gangan don in gwada. Layin adafta yana nan yadda na ja shi. Na ɗan tayan sarƙa ne ya matsa kaɗan.

Ibrahim: Ta wane gefe ya matsa, ciki wajen sifok ko waje?

Nura: Ciki, Yaya. Kamar kaurin farce.

Ibrahim: To kada ka hau gobe sai ka gyara shi. Kwance shi, ka wanke wurin da yake kamawa a firam, ka murɗa ƙarfensa kaɗan yadda ɗan tayan zai kalli sarƙa sosai, domin ƙafar firam ɗin a karkace take tafiya, ba ta bin layin sarƙa. Turo mana hotonsa daga baya, ta saitin taya, mu gani kafin ka ɗaure.